Rabon Alhamis na Maman Ladi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar matata Saratu, wadda mutanen Kakuri suka fi sani da Maman Ladi mai sari. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba. Ni tsohon ma'aikacin masaƙa ne, karatuna bai yi nisa ba, kuma ba na so in yabe ta da abin da ba ta yi ba. Bana ne 'yarmu Ladi, wadda ke riƙe da shagon, ta ce za ta daina wani abu da uwarta ta fara, abin da wasu mata ke ci da shi. Wannan ya sa na ɗauki biro.

Saratu kayan abinci take sayarwa a kan sari: shinkafa, wake, garin rogo, manja, man gyaɗa, agushi, tumatirin gwangwani. Masu manyan tukwane su ne abokan cinikinta, wato gidajen abinci, makarantun kwana, da kantin ɗin masaƙarmu. Da aka rufe masaƙu, kantin ya mutu, ni na dawo gida na zauna, matan da ke sayar da abinci a bakin get kuma suka rasa masu ci. Wadda a da take cinye buhu a mako ta koma dafa 'yan mudu. Buhu ya fi ƙarfinta, in kuma ta sayi awo a kasuwa riba ba ta fita.

A nan ne Saratu ta fito da rabon Alhamis. Da safe sai ta shimfiɗa leda a gaban shago, ta farke buhu, mata huɗu ko biyar su haɗu a kansa a farashin sari. Jarkar manja ma haka, a juye a kwalabe. Aiki ne mai cin lokaci, ga hayaniya, ga gardama. Wata rana na yi mata ƙorafi cewa ta mai da shago kasuwar ƙauye. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, “To kasuwar ƙauyen ce ta saya maka takalmin da ke ƙafarka.”

Sai daga baya na gane cewa ita ma tana samun wani abu a wurin matan nan. Su kullum suke girki, don haka su ke fara sanin halin sabon kaya. Wannan za ta ce shinkafar nan ba ta son ruwa da yawa, waccan ta ce sabon waken bai gama bushewa ba, kada a ajiye shi. Saratu za ta kwashi labarin nan ta hau mota, ta bi manyan kicin ɗaya bayan ɗaya tana faɗa wa kuku-kuku kafin su ɗora tukunyar ɗaruruwan yara. Shi ya sa in ta ce kaya yana da kyau, ba a sake tambaya.

Nakan zauna in yi tunanin abin da za ta ce da ta ga sana'ar a yau. Na tabbata ba za ta yi kukan zamanin da ba, don ba halinta ba ne. Ladi ba ta hawa mota ta kai labari. Tana da guruf na abokan ciniki a waya, ta ɗauki hoton kaya ta tura, ta yi magana a ciki, kafin a sauke lodi an riga an yi oda. Saratu za ta ƙwace wayar ta koya a yini ɗaya, kuma saƙonta na murya zai fi na kowa tsawo. Shinkafar gida da a da masu girki ke ɓata safiya suna rege ta, yanzu tana zuwa daga injin a tsaftace, babu tsakuwa. Wannan zai faranta mata rai, don ta sha faɗa da masu raina shinkafar ƙasarmu. Tumatir ya koma leda, kicin da yawa sun bar itace sun koma gas. Farashi ne kawai zai sa ta riƙe baki, shi ma na ɗan lokaci, sannan ta tambayi inda ya fi sauƙi.

To, abin da ya faru bana shi ne Ladi ta samu manyan abokan ciniki biyu, wata makarantar kwana a wajen Kakau da wani asibiti a Gonin Gora. Dukansu ranar Alhamis da safe suke son kayansu, buhu a ɗinke kamar yadda ya fito daga injin. Ita da masu lodinta suna tafiya da motar kai kaya, ba mai tsayawa a shago ya yi awo. Sai ta sanar da matan cewa ƙarshen wata rabo ya ƙare.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, Mama Hannatu ta biyo ni gida. Gwauruwa ce 'yar Filato, tana sayar wa masu keke shinkafa da wake a bakin hanya, kuma tana cikin waɗanda aka fara rabon da su. Ta ƙi zama. Ta ce, “Baban Ladi, ni ban zo kai ƙara ba. Yarinya tana neman ci gaba, Allah ya taimake ta. Amma in an daina, ni sai dai in sauke tukunya.”

Da na ga dama da na je na ce wa Ladi uwarta ba za ta yi haka ba. Ban yi ba, domin ba gaskiya ba ce gaba ɗaya. Saratu za ta karɓi makarantar, ta karɓi asibitin, ta nemi na uku. Abin da na sani shi ne ba za ta sallami matan ba. Za ta waiwaya ta ga wa ke zaune ba ya komai. Da na yi wannan tunanin, ban sha wahalar gano mutumin ba.

Na sami Ladi a shago na kawo maganar. Ta ce, “Baba, wallahi ba ƙeta ba ce. Hannu biyu gare ni.”

Na ce, “To ga wasu biyu.”

Ta dube ni daga sama har ƙasa. “Kai? Baba, kai da ko gishiri aka aike ka sai ka dawo da sukari?”

Na ce sau ɗaya ne hakan ta faru, kuma uwarta ta yafe. Ta yi dariya har ta share ido, sannan ta ce za ta riƙa ware mini buhunan rabo tun ranar Laraba.

Yanzu ni ke rabon Alhamis. Ban iya ba tukuna. Makon farko na farke buhu ta gefen da ba shi ba, wake ya watse har cikin kwata. Wata ta ce, “Baba, wannan mudun naka aski ka yi masa? Maman Ladi tozo take yi!” Wata ta ce in bar manja kawai, su za su juye da kansu kafin in yi wa rigata baftisma. Ina sauraro ina gyarawa. Kwanan baya suka ce sabon man gyaɗan da aka kawo yana kumfa a kasko. Na faɗa wa Ladi, ta tura a guruf, ta mayar wa dila da sauran jarkokin kafin ko ɗaya ta kai asibiti.

Mutane sukan tambaye ni me Saratu ta bari. Sukan nuna shagon, su ce ya girma, kuma gaskiya ne. Amma shago yana iya canja hannu, kayan cikinsa ma kullum sabo ke korar tsoho. Ni abin da nake gani ya rage shi ne wannan tsarin nata, cewa mai ƙaramar tukunya ma ta sayi kaya a farashin da babba ke saya. Ran Alhamis da yamma bayana yakan yi ciwo, sai in taka a hankali in bi ta bakin hanya. Tukunyar Mama Hannatu tana kan wuta, masu keke sun jeru a benci suna ci. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa jin sunan Saratu, kuma duk sun ƙoshi.