Tattabarun Malam Kalla

Malam Kalla mutumin Tawa ne, amma a unguwar Adjamé, can ƙasar waje, ya yi furfura. Dardumar salla da carbi yake sayarwa a wata 'yar rumfa kusa da tashar manyan motoci. Bai taɓa sa sigari a baki ba. Abu ɗaya ne ya shiga ransa, tattabaru. A saman benen da yake haya ya kafa musu akurki, kowacce da sunanta, kuma shi da kansa yake share kashinsu kullum da safe.

Tari ya fara masa a hankali. Daga baya hawan benen ya zama sai ya huta a tsakiya. Ranar da matarsa Zalihatu ta same shi zaune yana haki, leɓɓansa sun yi shuɗi, ta kira 'yarsu Haulatu, suka sa shi a tasi sai asibiti a unguwar Treichville, ƙetaren gada.

Aka maƙala masa iskar oksijin, aka ɗauki hoton ƙirji. Wata likita ta bi abubuwan da kan durƙusar da numfashi: taba, tarin fuka, asma, ciwon zuciya. Babu ko ɗaya. Sai da Haulatu ta cire masa hula, gashin tsuntsu ya faɗo kan zanin gado. Likitar ta ɗauka ta duba, ta yi dogon bayani da Faransanci.

Haulatu ta ce, "Baba, wai ƙurar gashin tattabarun da kashinsu ce ta kumbura maka huhu har ya fara ƙandarewa, iska ba ta ratsawa cikin jini. Dole ka rabu da su."

"Tambaye ta wacce daga cikinsu."

"Duka, Baba."

"Har da Hajiya? Hajiya ko tari ba ta taɓa yi ba."

Da aka sallame shi ya haƙura, ya ba abokinsa Zaharadeen, mai atamfa a kasuwar Treichville, kyautarsu. Haulatu ta kai su a kwando. Kafin ta fita daga cunkoson motoci a kan gada, sun riga ta isowa gidan Malam. Aka damƙa su ga wani direba mai zuwa can garin Bouaké, suka dawo har da baƙi biyu. Aka rushe akurkin, suka koma kwana a tagarsa. Zalihatu ta kawo shawarar a yanka su a yi sadaka, Malam Kalla ya daina yi mata magana sai ta bakin maƙwabta.

Numfashin ya sake tsananta, aka sake kwantar da shi. A nan Zalihatu ta yanke hukunci.

"Malam, tunda sun ƙi tashi, mu za mu tashi."

Haka suka kwashe kaya suka koma gidan Haulatu a Treichville, suka bar wa tsuntsaye bene. Wani maƙwabci, Kamilu, ya ɗauki nauyin zuba musu gero.

Huhun bai koma yadda yake ba, amma tarin ya ragu, yana iya takawa zuwa masallaci. Kowace la'asar Kamilu yakan hau sama ya kira shi ta bidiyo, Malam Kalla ya yi ta kiran sunayensu, su kuma su taru suna saran gilashin wayar. Likitar ta tabbatar masa ƙura ba ta bin waya. Duk da haka sai ya ɗaura takunkumin fuska kafin ya amsa.