Randar Ya Kaka da Ruwan Tiga

Da mazaunai Ya Kaka ta shiga Dam ɗin Tiga, ba da ƙafa ba. Gansakukar da ke jikin dutse ce ta kwashe ta, ta tafi suuu, sai tsundum cikin ruwan da ya kai mata iya wuya. Lafayarta fara sol, wadda ta kwana tana shan turare, ta baje a saman ruwa kamar an shanya ta. Da ta ɗago kai, ga baƙar leda ta zauna mata daram a kan ɗankwali, ga takalmi ƙafa guda ya kama hanyar da ba a dawowa. Duk wannan a idon jikanta Nazeer da amaryarsa da dangin amarya, da kuma maƙwabciyarta Indo, wadda dariya ta hana ta ko cewa sannu.

Da wani ne, sai a ce tsautsayi, a yi jaje a wuce. Amma ban da Ya Kaka. Duk Zangon Barebari har bakin Kasuwar Kurmi ba a yi mai ƙyanƙyami irinta ba. Matar da sai ta wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi. Idan baƙo ya tashi daga tabarmarta, kafin ya kai zaure zai ji ana kakkaɓewa. Abincin biki kuwa ta sallama shi tun ranar da ta ga mai tuƙa tuwo ta sosa hammata ta koma kan muciya. Kakanta ne ya zo daga Barno da kanwa da littattafai, ita ko Wudil ba ta taɓa wucewa ba, amma da ta ga kwata ta toshe sai ka ji ta ce su a Barno ba a haka. Sana'arta haɗa turaren wuta da humra ga amare, kuma hancinta yana jin warin abin da bai riga ya ruɓe ba.

Abin da aka fi saninta da shi randa ce. Mijinta Mala Yusuf, mai sayar da kayan ƙamshi a Kurmi, ya rasu shekara goma sha biyu da suka wuce. Ranar addu'ar arba'in ta sa aka kafa randa a ƙofar gida, ta ce duk wanda ya sha, ladan ya je wa Mala a kabarinsa. Tun daga nan, kullum da sassafe sai ta wanke randar da soso, ta kife ta a kan kaskon garwashi da ƙaro da kajiji har hayaƙi ya kama cikinta, sannan ta tace ruwa da farin ƙyalle ta cika. Moɗa biyu ce, ta ɗiba da ta sha. Wanda ya kuskura ya kai ta ɗiba bakinsa zai ji Barbarci, don ɗan abin da ta iya na yaren duk zagi ne.

Kuma ruwan famfo kaɗai take zubawa. Rijiyar cikin birni, in ji ta, maƙwabciyar salga ce, jarkokin 'yan garuwa kuwa tun da aka ƙera su ba su ga sabulu ba. Famfon ma sai ya ga dama yake kawowa, ranar da ya kawo ta cika duro uku. 'Yan dako da masu tura baro da dukawa har ratse suke yi don wannan ruwa mai sanyi da ƙamshi.

Bayan ƙaramar Sallah ne Nazeer, wanda aikin ofis ya koya wa abin da ake kira shaƙatawa, ya ɗauko bas ya ce za a je Tiga kallon ruwa. Ya Kaka ta tambaye shi ko kududdufin bayan unguwa ƙafewa ya yi. Ya yi ta lallashi, yana kiranta uwargida, yana nuna mata hotuna a waya, ya ce can duwatsu ne da iska, ba kwata ba bola. Jin haka ta yarda. Ta ɗauki tabarmarta da ruwanta da kofinta. Indo ma ta shige bas ba da gayyata ba. Bafulatana ce, katanga ɗaya ta raba su, kuma da yake Fulani da Barebari abokan wasa ne, shekara arba'in ke nan ba wadda ta taɓa raga wa wata.

Da suka isa, gaskiya sai da Ya Kaka ta tsaya tana kallo. Ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, baƙaƙen duwatsu a gefe, masunta a cikin kwalekwale kamar ƙudaje. Saura kaɗan ta ce Masha Allah. Sai ƙafa ta kai ta baki-baki.

A nan hanci ya fara aikinsa. Wasu masu shaƙatawar da suka riga su zuwa sun bar ƙasusuwan kaza da ɓawon kankana da ledoji, ƙudaje na walima. Wani ya shigar da babur har rabin taya yana wanke shi, baƙin mai na bin saman ruwa. Gaba kaɗan garken shanu ne tsaye cikin ruwa, suna sha ta gaba suna mayarwa ta baya. Wani ƙato kuma ya nutsa har ƙugu, ya tsaya shiru yana kallon sama, irin shirun da kowa ya san me ake yi a cikinsa. Ya Kaka ta toshe hanci da gefen lafaya, ta ce Allah Ya sawwaƙe wa mutanen da ke shan wannan.

Nazeer, da yake ilimi na cin sa, sai ya yi murmushi.

“Uwargida, ai ke ce mutanen. Wannan ruwan ake saki ya bi kogi, a tace shi, ya zo famfonki.”

Ta sa ya maimaita. Ya maimaita, har da ƙarin bayani kan injina da magani, amma ita ba ta ji komai ba bayan kalmar famfonki. Shekara goma sha biyu ashe abin da take turarawa tana aika wa Mala ke nan. Ana cikin haka ta hango famfas ɗin jariri ya kumbura yana lilo a bakin dutse. Ta ce wallahi wannan kam ba zai riga ta isa Kano ba. Ta fizgi kara, ta taka dutsen, ta miƙa hannu. Sauran labarin an riga an ji.

A gida ta yi wanka bakwai, ta ba da lafayar kyauta, washegari kuma aka wayi gari randa a kife, ba moɗa ba murfi. Ga shi ana tsakiyar bazara. 'Yan dako su zo su tsaya, su kalli gindin randa, su haɗiyi yawu su wuce. Nazeer ya zo ya rantse mata ana tace ruwan nan har ya fi hawaye tsafta, ta ce ya je ya tace fitsarin saniya ya sha a gabanta tukuna. Amma tana daga zaure tana jin takun masu juyawa, kuma kowane taku tana lissafa shi a ladan da ya wuce Mala.

Rana ta tara Indo ta ce ita za ta taimaki bayin Allah. Ta fito da tsohon bokitin fenti, ta sa ɗan garuwa ya juye jarka a ciki, ta jefa gwangwanin madara guda ɗaya, ta ajiye daidai saitin zauren Ya Kaka. Ba murfi. Mai gumi ya tsoma hannu har gwiwa ya ɗiba ya sha, ya mayar da ragowar. Na bayansa ya yi haka. Kafin azahar wani bunsuru ya zo ya sa gemunsa, ya sha ya ƙoshi, ya yi atishawa a ciki. Yana matsawa wani dattijo mai tura baro ya ɗauki gwangwanin ya yi bisimilla.

Ya Kaka ba ta san lokacin da ta fito ba takalmi ba. Ta ƙwace gwangwanin, ta tuntsurar da bokitin a kwata. Kafin la'asar hayaƙin ƙaro ya cika lungu. Wannan karon sai da ta tafasa ruwan, ta jefa alif, ta tace sau uku, tana yi tana tsaki.

Wadda ta fara zuwa sha Indo ce. Ta ɗiba da moɗar ɗiba, ta zuba a ta sha, ta kurɓa, ta daɗe tana tauna baki a gaban 'yan dakon da suka yi layi.

“Jama'a, ku sha da haƙuri,” in ji ta. “Yau dai duk Kano ruwan wankan Babarbariya muke sha. Ni ganau ce, har wuya ta shiga.”

Ya Kaka ta karɓe moɗar, ta ɗauraye ta sau biyu, ta miƙa wa na gaba.

“To ku gode wa Allah, 'yar Fulani. Tun da aka gina dam ɗin nan, ranar ce kaɗai abu mai tsafta ya taɓa faɗawa ciki.”