Jan Fenti a Kan Noti

Shekara talatin Mai Sifana ya yi yana gyaran babur, kuma ba abin da ya tsana a duniya kamar tsatsa. Ita ta ci masa babban yatsa, ranar da wani noti ya ƙi kwancewa guduma ta kuskure. Tun daga nan, duk ruɓaɓɓen notin da ya gani a jikin inji sai ya cire ya ɗaura na farin ƙarfe mara tsatsa, ko ba a sa shi ba.

Haka ya yi wa babur ɗin wani mahauci da aka kawo gyaran birki. Bai san mutumin yana ɗiga jan fenti a kan kowane noti ba, don ya gane in an buɗe masa inji.

Mahaucin na ganin notuna suna ƙyalli ba jan fenti ya shaƙe Mai Sifana. "Ɓarawon banza! Me ka sace a ciki?"

"Haba ɗan'uwa, tsaya ka ji..."

Naushi ya rufe masa baki. Ya faɗa cikin baƙin mai, mahaucin ya bi shi da ƙafa a haƙarƙari har sai da maƙwabta suka rirriƙe shi.

Mai Sifana ya tofar da haƙori, ya rarrafa ya kwance injin a gaban kowa. Komai na nan daram. Mahaucin ya fara kame-kame yana ba da haƙuri.

"Riƙe ban-haƙurinka, maigida," in ji Mai Sifana. Ya tsince fararen notunansa ya zuba a aljihu, ya bar masa injin a warwatse a ƙasa.