Bindiga Ta Uku a Jirgin Duhu

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: a labarin nan ni ne sakaran. Ba kullum nake amsa wannan suna ba, domin ni mutum ne mai ilimi, aji uku cur na yi a firamare a Ɓaɓura kafin mahaifina ya ce bokon ya isa haka, in zo mu auna kanwa. Amma abin da zan ba ku, wallahi tallahi da idona na gani, da kunnena na ji, da rana tsaka kuma, a Kazaure, washegarin wata Babbar Sallah shekarun baya kaɗan.

Ina da wani Bafillatani, Ardo Buba, rugarsa na can wajen Gwiwa. Ni Babarbare ne, kun kuwa san wasan da ke tsakaninmu da Fulani. Shekara arba'in ina ce masa bawana, shi yana ce mini Kolo, ba mu taɓa haɗuwa a kasuwa mun rabu ba tare da kakan wani ya sha zagi ba.

Ardo yana da ɗan fari, Hamidu, magidanci mai iyali, maharbin da manoman Roni ke aikawa a kira idan birai sun sauko daga duwatsu sun dame su. Ba ya kuskure. Kuma yana da wata ɗabi'a, kafin ya harba sai ya yi ɗan fito gajere sau biyu, wai don kada biri ya ce ba a yi masa sallama ba. A daminar da ta gabaci Sallar nan ruwa ya cika wani mashigi, ya janye mata biyu da ke dawowa daga kasuwa, Hamidu ya faɗa ya fito da su ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ruwan ya tafi da shi. Allah ya jiƙansa.

To ga inda gizo ke saƙar. Kun san kunyar ɗan fari, ta Fulani kuwa ta fi ta kowa tsanani. Tun ranar da aka raɗa wa Hamidu suna, Ardo bai taɓa furta sunan nan ba, sai dai "wancan" ko "mai bindigar nan". Ranar ta'aziyya ma ko ƙwalla bai yi ba, ya ce Allah ya karɓi kayansa, ya juya yana tambaya ko an shayar da shanu. Mutane suka yi ta yaba masa. Amma daga nan ya bar cin abinci, ko nono sai ya kurɓa ya ture, mutum ya koma kamar sandarsa. Ranar da na je na ce masa, "Bawana, tashi ka gaida ubangidanka," sai kawai ya ce, "Na'am." Jama'a, kun ji fa. Bafillatanin da Babarbare zai ce wa bawa ya amsa, ai wannan ya fara sallama da duniya. Matarsa Dije ta biyo ni har bakin shinge ta ce, "Malam, abokinka bin ɗan nan zai yi, in da dabara ka yi."

Sai na goya shi a babur na ce za mu ga mai magani a Kazaure. Muna shiga gari muka tarar da wasu mutanen Kano sun kafa kayan wasan Sallah a wani fili, da lilo, da dawakin ƙarfe masu juyawa, da wata doguwar rumfa baƙa wuluk da ake ce wa jirgin duhu. A jikinta an zana wani ƙato mai ƙirji kamar ƙyauren zaure, ya rufe fuska, ya ɗaura zanen matarsa a wuya yana tashi sama. Wai jarumi ne, kai kuma za ka hau wani ɗan keke mai kujera uku da ke bin layin dogo, ka riƙe bindigar roba mai fitar da jan haske, ka taya shi harbin dodanni, in kun fito talabijin ya nuna makin kowace kujera.

Nan ilimina ya motsa. Na ce a raina, in ɗan Fulani ya tsorata zai zage ni, in kuwa ya zage ni ya warke. Na ce, "Ardo, mai maganin yana ciki." Bai ko yi musu ba. Mai kula da wurin, wani mai furfura a gemu, ya dube mu ya ce, "Baba, ku da kanku?" Na ce masa mu da kanmu, ni har kura na taɓa kallo ido da ido. Na zauna a dama, Ardo a hagu, kujerar tsakiya ba kowa.

Labule na rufewa na gane na yi wauta. Duhu kamar cikin rijiya, ƙara kamar ana sassaƙa turmi a cikin kai, keken ya zabura, sai ga wani abu mai haƙora ya faɗo daga sama har yana shafar hulata. Na saki bindigar, na ƙanƙame ƙarfe, na ɗaga murya na faɗi wasu kalmomi da ba sai na maimaita muku ba.

Cikin wannan hargowa ne na ji Ardo. Da fari a hankali, kamar mai gwada ƙafa a ruwa: "Hamidu." Sai ya ƙara. Sai ya sake shi da dukkan ƙarfin da ya rage masa, "Hamidu! Hamidu!" yana haɗawa da Fillanci, ɗan abin da nake ji a ciki shi ne ɗana, ɗana. Ashe abin da dattijon nan ya rasa ke nan wata da watanni, wurin da ba mai ganin fuskarsa, ba mai jin muryarsa.

Sai na ji fito. Gajere, sau biyu, dab da kunnena na hagu, daga kujerar da ba kowa.

La'ilaha illallahu! Ƙamshin hayaƙin ruga ya buge ni, da warin tufa jiƙaƙƙiya, wani sanyi ya jingina da hannuna kamar mutum ya matso don a ba shi wuri. Jan haske ya fara fita daga tsakaninmu, fito biyu, harbi ɗaya, fito biyu, harbi ɗaya, duk dodon da ya leƙo sai a goshi. Ni dai na rufe ido ina karanto duk abin da na haddace, har da wanda ban haddace ba.

Da muka fito haske, mai gemun nan ya tsaya yana kallon talabijin baki buɗe. Kujerata babu ko ɗaya, ta Ardo babu ko ɗaya, ta tsakiya kuwa ta cinye duka. Ya ce, "Baba, wa ya taɓa wannan?" Ya ɗago bindigar tsakiyar ya nuna mana wayarta tana reto a tsinke, ya ce tun daga Kano ba ta aiki. Ya shafa kujerar, hannunsa ya fito da danshi. Hannun rigata na hagu ma sharkaf yake, kuma kada wani ɗan iska ya ce wani abu, abin da kuke zato ba ya hawa kafaɗa.

Ardo ya gyara rawaninsa ya ce, "Kolo, yunwa nake ji." Wata nawa rabona da jin Kolon nan! A gindin wata bishiya ya shanye fura ƙwarya guda, ya bi da soyayyen naman layya. Yanzu haka yana nan da ransa, ya yi ƙiba har ya fara raina ni kamar da.

Ban san mene ne ba, ban kuma je wa malamai da shi ba. Har yanzu in wani ya yi fito sau biyu a kasuwa sai tsikar jikina ta tashi. Abin da zan ce muku kawai, in kun ga wanda aka yi wa rasuwa ana yaba masa dauriya, ku bar yabon, ku nema masa inda zai ɓuya ya yi kukansa. Kuma duk inda kuka ga kujera ba kowa, ku yi sallama kafin ku matsa.

Amma fa bakina bai bar ni ba. A hanyar komawa Gwiwa, da na ga ya farfaɗo, na karkato kai daga kan babur na ce, "Af, bawana, ashe Fulani ma suna kiran sunan ɗan fari? Wa na ji ana ta kira a cikin duhu? Bari mu je kasuwa in ba da labari."

Sai da muka wuce wata gona, sannan ya ce, "Ka bayar, Kolo. Ni dai na kira nawa, ya zo. Kai da ka yi ta ihun wayyo Inna tun daga ƙofa har ƙofa, ta zo?"