Jakar da Ke Jiran Motar Lahadi

Ƙungiyarmu ta ƙwallon Amurka ta fara ne a wani fili bayan gidajen unguwar Rillieux-la-Pape, a gefen birnin Lyon. Wannan ƙwallo ba irin tamu ba ce. Da hannu ake ɗaukarta, a sa hular kwano, a yi ta karo kamar raguna. A ƙaramin rukuni muke, wanda ko jarida ba ta kula da shi. Ni ban taɓa bugawa ba. Aikina kaya ne: in wanke riguna, in jera huluna, in tabbatar kowa ya shiga mota ranar Lahadi.

Tarihin ƙungiyar gajere ne. Da farko aka kafa ta. Daga nan muka yi ta shan kashi. Sai muka samu shekara guda mai kyau. Bayan haka ƴan wasa suka fara aure da ƙaura, aka ba wasu filin, aka kira taro aka ce a watse. Muka watse. Ban ji komai ba ranar, na dai share ɗakin kaya na mayar da mabuɗi.

Bahaushe ɗaya ne a cikin ƴan wasan, wani ƙato ɗan Damagaram. Shi ke tsayawa a sahun gaba yana tare mutane da ƙirji da kai. Tun kafin mu watse aiki ya mayar da shi Bobigny, kusa da Paris, amma bai bar mu ba. In wasa ya kai mu wajen Paris, mukan tsaya mu ɗauke shi a bakin hanya. Daga baya mantuwa ta kama shi. Likita ya ce wataƙila karon ne, wataƙila ba shi ba.

Wata rana matarsa ta kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, kowace Lahadi sai ya ɗauki jakarsa ya je bakin hanya yana jiran motarku, ko ana ruwa. Makon jiya a jiƙe maƙwabta suka dawo da shi, ga tari ya kama shi. Ni ba ya jin maganata. Kai za ka faɗa masa ƙungiya ta watse."

A wurinmu ba a jefa wa mutum labarin rasuwa. Ana fara cewa ba lafiya, daga baya a ce jiki ya yi tsanani, sannan a faɗa. Haka na tsara. Na hau jirgi daga Lyon.

Da ya gan ni ya yi dariya. "Sarkin wanki! Har yanzu kana jera safa kamar soja?"

Na ce, "Ina jerawa, ƙato. Ƙungiya dai ba ta jin daɗi."

Ya ce, "Allah ya ba ta lafiya."

A zuwa na biyu na ce masa abin nan ya yi tsanani. Ya ce, "Wane abu?" Nan na gane maganar farko ba ta zauna ba. Tsarina na bukatar mutumin da ke tuna jiya.

A zuwa na uku na haɗa komai a zama ɗaya. Na ce ba lafiya. Na jira ya kurɓi shayi. Na ce ya yi tsanani. Na sake jira. Sannan na ce, "Ƙungiya ta mutu. Ba mota, ba fili, ba kowa."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Ya ce, "Haka Allah ya so." Ya shafa fuska. Matarsa ta sauke numfashi daga bakin ƙofa.

Da na tashi tafiya ya riƙe mini hannun riga. "Sarkin wanki, ranar Lahadi ƙarfe nawa za ku iso?"

Na ce, "Ba ni jakarka. Kayan na bukatar wanki."

Ya miƙo mini ba musu, don ni ya saba miƙa wa.

Daga baya matarsa ta ce yanzu ranar Lahadi yakan nemi jakar. In ta ce tana wurin wanki, sai ya zauna bakin taga har azahar. Tarin ya warke. Ta yi mini godiya, na amsa.

Na wanke rigar, na goge hular. Na mayar da su cikin jakar yadda na saba: takalmi a ƙasa, riga a tsakiya, hula a sama. Jakar tana saman kabad ɗina.