Uwar Kwalabe da Gansakukar Tafki

Shekara ashirin da shida ta yi a ɗakin awon ruwa, wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya a bayan gidan famfo. Uwar Kwalabe ake ce mata, don kafin a gan ta an ji ƙarar kwalabe a jakarta. Duk Litinin sai ta gangara tafkin da garin ke sha, ta ɗebo ruwa, ta ɗiga a gilashi, ta leƙa ta na'urar da ke ƙara girman abu.

Abin da kowa ke kira gansakuka, ita jama'a guda take gani. Ga mai kama da tsani, ga tauraruwa, ga ɗan kwalekwale mai tafiya kamar an aike shi bai so. In ta samu iri talatin, ta san ruwa lafiya lau yake.

Mijin ƙanwarta masunci ne a tafkin. Da ya hango ta sai ya ɗaga murya, "Yaya, a gaida min talakawanki!"

Shekarar da aka buɗe masana'antar taki a gefen rafin da ke zuba cikin tafkin, talakawan suka fara ɓacewa. Kafin damina ta ƙare iri ɗaya ya rage, wani kore mai shuɗi-shuɗi, ya cinye gilashin shi kaɗai. Ta rubuta takarda ta kai wa shugabanta.

"Malama, awon sinadari bai nuna komai ba," in ji shi. "Saboda ciyawa zan ta da hankalin gari?"

"Ranka ya daɗe, ba banza suke gudu ba."

Ya jefa takardar a aljihun tebur.

Litinin ta zagayo, ta tarar da masuncin yana kamfatar ruwa da tafin hannu yana sha. Har ta buɗe baki, sai ta ce a ranta wataƙila ita ce ta cika tsoro. Hannu kawai ta ɗaga masa.

Bayan wata huɗu idanunsa suka yi rawaya, ciki ya kumbura. Likita ya ce hanta ce. Ba a yi sati uku ba aka kai shi makwanci. Ba wanda ya ce ruwan ne. Ita kanta ba ta da tabbas, kuma rashin tabbas ɗin ne ya hana ta sakat har yau.

Yanzu ta yi ritaya, ido ya raunana. Ƙanwar takan zo mata da hantsi, su zauna a baranda suna tsinke zaren tsohon labule. Sau tari maganar ruwan nan takan taso mata har maƙoshi.

"Yaya, kin yi shiru."

"Ba komai, Auta. Miƙo min almakashin nan."