Furar Inna da Ƙashin Rijiya

Washegarin cika-ciki ne, ƴan shekaru kafin Nasara su shigo Tasawa, aka jawo ƙashin nan daga rijiyar da Babana ke haƙa a bayan gidanmu a Hawandawaki. Ina tsaye bakin ramin da ƙwaryar furarsa a kai, na ji ya ƙwala kira daga ƙasa a sako igiya mai ƙwari. Maza suka yi ta ja suna nishi, sai ga abu ya hau, girmansa ya kai turmin Inna, da rami ta tsakiya da fiffike a gefe. Baba ya wanke shi, ya ƙwanƙwasa da dagi, ya ce gaɓar ƙashin baya ce irin wadda muke tsotsa a miya, amma ta zama dutse. Wani Bafillace da ya san ƙashin raƙumi da na giwa ya jujjuya kai ya ce ba ko ɗaya.

Aka ajiye shi a zaure kan tabarma. Kafin rijiyar ta kawo ruwa, labari ya kai Kona, ya kai Issawane, mutane na zuwa a kan jakai su yi kallo su koma. Mu yara muna zura hannu cikin ramin muna gardamar wa ya fi ƙarfin hali. Duk wanda ya zo kuwa sai ya sha furar Inna, don sana'arta ke nan. Ni ke surfe da tankaɗe, ita ke zuba citta da kanumfari ta kirɓa, mu mulmula tare, ranar kasuwa in ɗauko mata ƙwarya har rumfa. Sunanta ya tashi, har masu kallon ƙashi suka riƙa nemanta a kasuwa, suna tsallake Gwamma, maƙwabciyarmu da ke sayar da tata furar kusa da ita.

To, Gwamma ce ta kashe mu da baki. Ta bi gida-gida tana cewa ƙashin Basamude ne, Baba kabari ya tona, ruwan da Inna ke dama fura da shi ruwan gawa ne. Kai, baki! Mako bai zagayo ba aka fara kiran uwata "mai furar gawa". A dandali ƴan mata suka daina tara hannu in na faɗa musu a gaɗa. Inna ta riƙa dawowa da ƙwarya cike, furar ta yi tsami mu zuba wa awaki, har ranar da ta kife ƙwaryar a kan rumbu ta ce ta bar kasuwa. Baba ya fid da ƙashin ya yar bakin rijiya. Ni kuwa na tsani Gwamma, tsana irin wadda ke hana yaro cin tuwo, ina ta maimaita abin da na ji wajen tsofaffi: "Rama cuta ga macuci ibada ne."

Da bazara ta yi tsanani, tsohuwar rijiyar gari ta rufta, tamu kaɗai ta rage. Mutanen gari suka fara zuwa ɗiban ruwa suna sunkuyar da kai. Na roƙi Baba ya hana Gwamma, ya ce, "Ruwa na Allah ne, Dije, ba a hana shi." To, ba a hana ruwa, amma a garinmu baƙo ma ba ya ƙin abin da aka tare shi da shi a ƙofar gida. Kullum sai in dama fura da ruwan rijiyar in rufe da faifai, ina jira. Da ƙishirwa ta ci ƙarfin kunyarta Gwamma ta zo da tulu, mata cike da wurin. Na nuna mata ƙashin na ce ta zauna ta huta, na durƙusa kamar ɗiyar kirki, na miƙa da hannu biyu: "Sannu da rana, Gwaggo. Ga furar gawa, a jiƙa maƙoshi." Ta sha, ban tashi ba sai da ta ga gindin ƙwarya. Na ce, "Da ɗoyi, Gwaggo?" Ta ce babu. Na ce ta ɗaga murya, Inna na cikin gida ba ta ji ba. Ta ɗaga, mata suka fashe da shewa, ni kuwa zuciyata fes.

Na ruga na tarar da Inna tana kaɗin auduga, na zayyane mata komai ina haki. Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "To ta sha. Bakin da ya kira ni da sunan nan a kasuwa, ɗaya ne?" Har ta bar duniya ba ta sake ɗora ƙwarya a kai ba.

Yanzu jikana ya dawo daga lakwal, makarantar bokonsu, yana ba ni labari wai Nasara na tono irin ƙasusuwan nan can arewa, wai na wasu manyan ƙadangaru ne na farkon duniya, ana harhaɗa su a cikin gida mutane na shiga kallo, babu mai tsoro, babu mai zubar da furarsa. Ina saurarensa ina tuna Inna da mazari a hannu. Na rama, kuma da Gwamma za ta dawo da sai na sake durƙusa mata. Amma ramuwa ba ta mai da mace kasuwa.